Tsohuwar da Ta Rako Ni Daga Milan

Dogon Dutsi, ranar Laraba da hantsi

Zuwa ga ɗiyata Uwani,

Da sunan Allah nake farawa. Ina gaishe ki, ina gaida kawunki da iyalinsa da suka sauke ki a Yamai, da fatan takardar nan za ta iske ki lafiya kafin ranar tashinku. Allah Ya tsare ki a ƙasa, Ya tsare ki a sama, Ya sauke jirginku inda aka nufa da shi.

Kada ki nemi labarin gida a ciki, ban sa ba. Ke ce 'yar fari, kuma kin san bakina ba ya buɗewa sosai in kina gabana, haka aka raine mu. Abin da na kasa faɗa miki ido da ido shi ne zan rubuta, ki karanta shi a zaune, ba a tsaye kina danna salula da ɗaya hannun ba.

Ranar da kike shirya balis, akwatin tafiyarki, kin ce min, kina dariya, in kin sami bakans, hutunki na farko a makarantar can ta Turai, za ki bi sawuna: kwana biyar, ke kaɗai, Milan da Beniz, kamar yadda kika gani a hotunan cikin akwatina. Na ce miki to. Kin ga na tashi na shiga madafa alhali babu komai a kan wuta. Dalili shi ne akwai abin da na ɗauko a tafiyar nan wanda bai fito a hoto ba, ya bi ni shekara ashirin da uku, kuma ina tsoron ya bi ki har tsufanki kamar yadda ya bi ni. Zan faɗa miki kurakuraina bi da bi, ki ɗauki abin ɗauka.

Kina da shekara biyu aka zaɓe ni istaj, ƙarin horon aiki na wata uku, a Liyon ta ƙasar Faransa, mu huɗu, ungozomomi daga matanite, asibitocin haihuwa, daban-daban na ƙasar nan. Na bar ki a Tibiri wurin gwaggonki, kina kuka ina kuka. Da istaj ya ƙare sai ya rage mana kwana shida kafin jirginmu. Sauran ukun suka ce kasuwa za su ci, su sayi zannuwan gado da tukwane. Ni kuwa tun ina 'yar makaranta a lakwal akwai wani littafin tarihi mai hotunan tsofaffin biranen Italiya da na lashe shafukansa da ido, na ce yau ga ni kusa, in ban gani ba yanzu ba zan gani ba har abada.

Kuskurena na farko ƙarya ce. Na ce wa abokan tafiyata zan je Pari, babban birnin ƙasar, gaida wata 'yar uwa. Ba ni da kowa a Pari. Na ji kunyar su ce matar aure, uwar ɗiya, ta tafi yawon kallon duwatsu ita kaɗai, kuma na san labarin zai riga ni isowa Dutsi. Babanki ma, Allah Ya jiƙansa, bai sani ba sai bayan na dawo. Ma'ana kwana biyar cur babu mahaluƙi ɗaya a duniya da ya san ƙasar da nake ciki. A lokacin abin ya yi min daɗi, ina jin kaina kamar akuyar da ta tsinke igiya. Sai daga baya na gane cewa da na faɗi a wani lungu, a Pari za a neme ni. Ke kada ki yi haka. Ki bar wa mutum biyu sunan otal ɗinki da lokacin jirgin ƙasanki, ɗaya a makarantarku, ɗaya ni. In za su yi surutu su yi, ba ya fasa ƙashi.

Na biyu kuwa za ki yi dariya. Takalmi ne. Na sayi sabo fil a Liyon, baƙi, mai tsini, don kada Turawa su ce daga ƙauye na fito. To titunan tsofaffin biranen nan duk da ƙananan duwatsu aka shimfiɗa su, ba su san gudro irin kwaltar titinmu ba. Kafin la'asar ta ranar farko dugadugaina sun yi bororo. Mai ciwon ƙafa ba ya kallon gini, ƙasa yake kallo, kuma ba ya lura da hanyar da ya biyo. Ki sa tsohon takalminki mai faɗi, wanda kike cewa na tsofaffi ne.

A Milan akwai wani babban coci fari mai tsinaye barkatai a kansa, shi ne na hoton da nake tsaye da jan gyale. Na kwana ɗaya ina zagaya shi baki buɗe. Washegari na ce bari in leƙa bayansa, da niyyar in dawo in ɗauki jakata in tafi gar, tashar jirgin ƙasa. Da rana tsaka ruwa ya sauko. Na shiga lungu, lungu ya ba ni wani lungu, kafin in ankara ban san gabas ba ban san yamma ba. Ga ƙafa na zafi, ga sanyi. Na ga wani ƙaramin coci ƙofarsa a buɗe, na shiga don in fake. Babu kowa. A hannun dama akwai wata siririyar hanya, na bi ta don na ga haske a ƙarshenta.

Uwani, ɗaki ne guda, bai fi falon gidan kawunki ba, sai dai tsawo. Bangonsa huɗu, daga ƙasa har inda wuya ke iya ɗagawa, ƙasusuwan mutane ne a bayan ragar ƙarfe. Kuma ba zube su aka yi ba. Jera su aka yi, ƙoƙon kai nan, ƙashin ƙafa can, an fitar da zane da su, yadda mace ke jera kwanukan ɗakinta. Ni ma'aikaciyar likita ce, gawa ba baƙuwata ba ce, don haka ban gudu ba. Na tsaya ina kallo. Can ƙasa, daidai gwiwata, idona ya faɗa kan wani ɗan ƙaramin kai. Hannuna ya san girman nan ko ido a rufe. Kan yaro ne da bai wuce shekara biyu ba, sa'arki a lokacin. Nan ƙirjina ya karye.

Kin san labarin Kaka Dije, kakata ta wajen uwa, wadda ta raine ni a Matankari. Ita ba ta wuce kufai ko kushewa ba tare da sallama ba. Takan ce min, "Dut wurin da mutane sunka zamna akwai masu shi, ko ba ki gane su da ido ba. Ki gaishe su ki wuce." Ina 'yar lakwal ina yi mata dariya. Amma ranar nan, a gaban bangon nan, bakina ya buɗe da kansa na yi sallama.

Da a nan na tsaya, da babu takardar nan. Sai dai na kwana biyu ban yi magana da kowa ba in ban da nuni da yatsa wurin mai sayar da burodi, kuma wata uku ina fama da Faransanci har harshena ya gaji. Da na ji Hausa ta fito daga bakina a ɗakin nan, ta bugi bango ta dawo min, sai na kasa dainawa. Na gaishe su da gida, na gaishe su da sanyi. Na faɗa musu sunana da sunan ubana da garinmu. Na ce musu na bar ɗiya a Tibiri. A ƙarshe, ina share hawaye ina 'yar dariyar kaina, na ce, "Ga shi na ɓace a garinku, ban san hanyar gar ba. Da a garinmu ne, da an raka ni."

Babu abin da ya faru. Kyandir bai ko kaɗa ba. Na gyara gyalena na fita, ruwa ya ɗauke.

Ina kan dutsen titi na fara ji. Bayan takuna akwai wani taku, kamar zira'i biyu a bayana. Ƙwas, sai shuu. Ƙafa ɗaya tana sauka, ɗaya ana jan ta. Na ce amsa-kuwwar lungu ce. Na zo mararraba na tsaya ina waige-waige, sai takun ya matsa ta hannun hagu ya tsaya. Na bi hagu. Haka a mararraba ta biyu, haka a ta uku. Hanyar da na yi awa biyu ina ɓata a cikinta, cikin ɗan lokaci sai ga ni a ƙofar otal ɗina. Na ɗauki jaka, takun ya kai ni gar kamar yadda ya kai ni otal, kuma har ga Allah abin da na ji a raina shi ne na yi sa'a.

Shawarata a nan ita ce: ban hana ki sallama ba, 'yar mutane ce ke. Amma sallama daban, roƙo daban. Duk inda kika shiga na matattu, nasu ko namu, ki gaisa a gajarce, kada ki faɗi sunanki, kada ki nemi komai ko da wasa. In kewa ta cika miki baki, ga salula a hannunki, ki kira ni ko wane lokaci ne. Na fi bango iya saurare.

Yanzu sai na tuna miki da abin da ku 'yan zamani kuka fara mantawa, ku da kuke ɗaga hannu daga bakin ƙofa ku ce "a pilis", sai an jimanku ta Faransanci. A wurinmu in mai gida ta fito rakiya, ba ita ke yanke ta ba. Baƙuwa ce ke tsayawa ta juyo ta ce, rakiyar ta isa haka, ki koma, na gode, a gaida mutanen gida. In baƙuwa ba ta faɗa ba, mai kunya ba ta juyawa, sai ta yi ta bi. Na san wannan tun kafin in iya ɗaura zane. Amma a gar ɗin Milan na hau jirgi ban ce uffan ba.

Beniz gari ne da ke tsaye cikin ruwa, babu mota, babu kabu-kabu, babu ko jaki. Ni da ban san ruwa ba sai na rijiya da na tabki in damina ta yi kyau, na ga mutane suna buɗe ƙofar gida su taka cikin kwale-kwale. Yana da kyau, ba zan ɓoye miki ba, kyan da ke sa mutum ya yi shiru. A cikin taro ban ji komai ba, har na manta. Rana ta biyu da azahar na ratse daga inda 'yan kallo suke, na faɗa wani fili da gidaje suka kewaye, tagogi duk a rufe, tsakiyarsa wata tsohuwar rijiya ta dutse da murfin ƙarfe. Na zauna a gindinta na cire takalman nan don na kasa jurewa. Na riƙe su a hannu na tashi na ci gaba da tafiya da ƙafa tsirara.

Ƙafa tsirara ba ta ƙara a kan dutse. Amma na ji ƙwas, na ji shuu.

Na tsaya. Takun ya ƙara ɗaya sannan ya tsaya. Na juya gaba ɗaya. Fili ne fetal, rana a tsakiyar kai, sai wanki da aka shanya a sama tsakanin gida da gida. Na kama Ayatul Kursiyyu. Ina karantawa na ji an ja da baya taku uku an tsaya, ba gudu ba, irin jan bayan da mutum ke yi in ya iske ki kina salla. Da na shafa na motsa, aka matso. Washegari da sassafe da zan shiga jirgin ruwan da ke kai mutane gar, ma'aikacin da ke riƙe igiyar shiga ya bar ni na wuce, sannan ya ci gaba da riƙe ta yana kallon ƙasa a bayana kamar mai jiran wanda ba ya sauri. Bayan ɗan lokaci ya sake ta, ya shafa wuyansa, bai dube ni ba.

Ga babban kuskuren tafiyar. Jirgin ƙasan da zai mayar da ni Liyon ta Milan yake bi, kuma ya tsaya a can kusan minti goma da hantsi. Da ƙofofi suka buɗe na ji takun ya tashi daga kusa da ni, ya bi tsakanin kujeru, ya je bakin ƙofa ya tsaya. Jira ake yi. Na sani sarai, kada wani ya ce miki ban sani ba. Kalma nawa ce? Na gode, ki koma. Amma a ganina in na buɗe baki na yi magana, to na yarda ke nan akwai wani a wurin, ni kuwa mai difilom ce, ga Turawa zaune ko'ina. Na ja gyale na rufe fuska na yi kamar mai barci. Ƙofa ta rufe. Takun ya dawo a hankali, ya fi na da nauyi, kujerar da ke fuskantata ta yi ƙara kaɗan.

Uwani, tsoro da jin kunyar idon mutane sun sa na kasa faɗin kalma huɗu. In abu ya tsorata ki, ki yi abin da ya kamata tun ƙofa tana buɗe. Waɗanda kike jin kunyarsu a cikin jirgi, a tasha ta gaba za su sauka, ba za su ƙara tuna ki ba.

Na ɗauka teku zai raba mu. Na sauka Yamai, na shigo motar Dutsi, na sauka bakin gudro na ratsa yashin unguwarmu. Kin san yashin nan, ko doki ba a jin kofatonsa. Amma a bayana ƙarar takalmi ce a kan dutse, dutsen da babu shi a wurin. Sawu kuwa nawa ne kaɗai.

Bayan sati biyu na kasa ci na kasa sha, na hau mota na tafi Matankari. Lokacin Kaka Dije ta makance, tana zaune ƙarƙashin rumfa tana ɓarar gujiya da rana. Na yi sallama ta amsa. Kafin in zauna ta ɗaga hannu ta karkata kunne. Sannan ta laluba ta jawo tabarma ta biyu ta shimfiɗa a gefena da hannunta.

Ta ce, "Hadiza, daga ina kinka ɗauko tsohuwar ga?"

Na ce, "Kaka, wace tsohuwa?"

Ta ce, "Kak ki maishe ni yarinya. Wagga mai jan ƙahwa. Ta gaji, ba ki ji? Kawo ruwa ki aje mata."

Na kawo ruwa na ajiye, na zauna na faɗa mata komai. Ina jira ta ce iska ce, ko doguwa, ta aika a kira masu bori. Sai ta yi tsaki.

Ta ce, "Ba iska ba ta, ba ta da doki, ba ta son komi ga jikinki. Mutanen kirki na kinka iske. Kinka yi sallama sunka amsa, kinka ce ba ki san hanya ba sunka tashi tsohuwarsu ta raka ki. Ke ta marar ladabi. Boko ya cinye miki kai."

Na ce to bari in sallame ta yanzu, in ce ta koma. Kaka ta buge min gwiwa.

"Ta koma ta ina? Kin ƙetaro da ita ruwa, kin hau da ita sama, yanzu ki ce ta koma? Ta san hanya? Da can ita ka rakiyarki, yanzu baƙuwarki ta. Sai ki maishe ta har ƙohwar gidansu, ke ko jininki. Kuma ki ji ni da kyau. In kinka kai ta, kak ki shiga. Za su ce ki shigo ki sha ruwa, in kinka hito su ba ki wani ɗan rakiya, abin ba shi ƙarewa."

Wannan na gane shi, don ina yarinya na sha ganin Kaka da ƙawarta suna raka juna, wannan ta kai waccan gida, waccan ta dawo da wannan, har a kira magariba tuwo bai hau wuta ba.

Na faɗa wa babanki. Ya ce a yi sadaka, aka yi. Na sha rubutu har cikina ya ƙi. Ban ce miki na san ko mece ce ba, Allah ne masani, kuma ban taɓa ajiye mata komai ba bayan ruwan nan na Matankari, sallata ban haɗa ta da kowa ba. Ita ma ta san iyakarta. Ba ta shiga inda nake salla, ba ta shiga ɗakin haihuwa, a bakin ƙofa take tsayawa har in fito. Ba ta taɓa cutar da ko kaza ba. Babanki bai taɓa cewa ya ji ta ba, amma in muna tafiya a siririyar hanya yakan rage sauri ba tare da na ce ba.

Duk da haka ta ci min abubuwa. Na daina raka baƙi, daga zaure nake juyawa, don ina tsoron ta bi wani, har matan unguwa suka ce tun da na je Turai nake jin kai. Ke kuma kin tuna kullum nakan sa ki gaba, in kin koma bayana in daka miki tsawa? Kin ɗauke ni mai zafin rai, kin faɗa wa gwaggonki, ta faɗa min. Ba na so ki yi tafiya tsakanina da ita ne.

Saura kuskure na ƙarshe, wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba. Shekara guda bayan rasuwar babanki, kina da sha uku, aka sake ba ni istaj a Faransa. Takarda ta zo da sunana. Ga hanya Allah Ya buɗe, in kai baiwar Allah gidansu. Na je na ce wa shugabanmu ba zan iya barin ki ba, a ba wata. Kowa ya yaba min, aka ce uwa ta gari. Ƙarya ce. Gwaggonki tana nan, da ta riƙe ki kamar da. Gaskiyar ita ce gidan ya yi min faɗi. Kina lakwal tun safe, babanki yana ƙasa, in na taso daga aiki da rana na ratsa yashin nan, takun nan ne kaɗai ke tare da ni. Na saba. Har nakan tsaya a bakin gudro in jira ta kafin in ƙetare. Na riƙe tsohuwar mutane shekara sha biyu a kan na farko, nesa da nata, don kawai kada in ji ni kaɗai. Wannan zalunci ne, na san sunansa, kuma ina jin kunyarsa har cikin ƙashina.

Ki kiyayi wannan fiye da duk sauran. Za ki yi kewa a can, kewa mai cin rai. Kada ki riƙe kowa don maganinta, mutum ne ko ba mutum ba, in kin san wurinsa ba wurinki ba ne.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutu. Tun ranar da bizarki ta fito, in na wuce ƙofar ɗakinki sai takun ya tsaya a nan, sai na yi nisa ya biyo ni da ƙyar. Ranar Asabar na kai ki bakin gudro, kin yi mamaki don ba na rakiya. Kika shiga mota, ta tashi, na tsaya har ta ɓace. Na juyo na kama hanyar gida. Babu kowa a bayana. Na tsaya na jira, na koma bakin gudro na sake tahowa, har wani mai kabu-kabu ya ce, "Hajiya, wani abu ya hwaɗi?" Babu. Ta ji inda za ki, ta bi ki.

In kin ji wani abu a tsakar gidan kawunki kwanakin nan, ba kunnenki ba ne. Kada ki firgita, kada ki zage ta, kada ki yi gudu, ƙafarta ba ta da lafiya. Ba ta nufe ki da sharri ba, gida take so.

Don haka ban ce kada ki je ba. Ki je, kuma ki fara da Milan. Kafin ki fita otal ki zauna da taswira ki haddace hanyar zuwa da ta dawowa, lungu lungu, har ki iya faɗinta ido a rufe, don abin da za ki faɗa musu sai ya zama gaskiya. Ki je da rana. Cocin yana bayan babban nan mai tsinaye, tafiyar 'yan mintoci, in kin tambayi ɗakin ƙasusuwa za a nuna miki. Ki bi siririyar hanyar ta hannun dama. A bakin ɗakin ki tsaya, ƙafarki kada ta ƙetare dokin ƙofa, ko da akwai 'yan kallo suna shiga suna fita, ko da kin ji ranki yana jan ki ciki. Ki yi sallama da Hausa, da murya, ba cikin zuciya ba. Ki ce kin rako ta, ga ta nan. Ki matsa gefe ki ba ta hanya, ki ba ta lokaci. Sannan ki ce kin gode, ba kya shan ruwa, ba kya son rakiya, kin san hanya. Ki juyo ki fito. In kin kai titi ki tsaya ki saurara. In har da sauran taku a bayanki, kada ki hau jirgi, ki koma ki sake faɗa.

In kin karanta duk wannan kin ce tsufa ne ya kama Inna, ban yi fushi ba. Ki yi shi don ni. Minti biyar ne a cikin kwana biyar, sauran ki je ki kalli ruwanki na Beniz, ki ci abin da kike so, ki yi hotuna da suka fi nawa.

Abu ɗaya zan ƙara, ki faɗa mata shi kafin ta shiga. Ki ce Hadiza 'yar Dutsi tana roƙon gafararta. Ki ce na san na tsare ta, kuma ta zauna da ni zaman amana.

Kwana huɗu ke nan gidan shiru. Shekara da shekaru ina roƙon Allah Ya raba ni da takun nan, ga shi Ya amsa, ni kuma jiya na je kasuwa sau biyu ba don sayen komai ba, ina tafe ina kasa kunne kamar wawiya. Kun tafi ku biyu rana ɗaya. Ita ba ni da hakkin in ce ta dawo. Ke kuwa ina da shi. Ki gama karatunki, ki kai ta gida, ki dawo min ke kaɗai, amma ki dawo.

Allah Ya sa ki a hannun mutanen kirki, Ya tsare gabanki da bayanki, Ya kare ki daga abin da ido ke gani da wanda ba ya gani. Ya kai ki lafiya, Ya dawo da ke lafiya, Ya sa in ji sallamarki a zauren nan da kunnena. Amin.

Innarki,
Hadiza